Shin Tanadi Rowa Ne?

Akwai maganar da ta daɗe tana ci mani tuwo a ƙwarya, wato yadda da zarar mace ta ƙi taɓa uwar kuɗin sana'arta don ankon biki, sai ki ji ana cewa ai wance marowaciya ce, ba ta san zumunci ba. Wasu ma har su ce ba ta da tawakkali, tunda ci da sha da sutura duk suna wuyan maigida, me za ta yi da tari?

Gaskiya ne ciyarwa haƙƙin miji ne, kuma addini bai ɗora wa mace ba. Amma addinin nan dai shi ya ce dukiyar mace tata ce, sadakinta da gadonta da ribar hannunta. To abin da aka mallaka miki, ai amanarsa ma tana kanki. Maigida mutum ne, yana ciwo, kasuwa tana juya masa baya, yana mutuwa. Ranar da haka ta faru, anko ba ya sayen magani.

Mu da ke ƙasar Bagudo, bakin iyaka da Jamhuriyar Benin, ba sai an ba mu labari ba. A watan Agusta 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, gidajen da abincinsu ya dogara da kayan da ke shigowa ta Tsamiya da Lolo suka shiga wani hali. A 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa a Jihar Kebbi. Farkon 2023 canjin takardun 200 da 500 da 1,000 ya sa mai kuɗi a banki ya kwana da yunwa. Tsakiyar shekarar kuma darajar naira ta faɗi, alhali sefar maƙwabtanmu tana ɗaure da kuɗin Turai, wato Yuro. Wadda ta ƙulle naira a ƙasan adaka, kuɗinta suna nan cif, amma abin da za su saya ya zube. Wadda kuwa ta mai da nata tunkiya ko buhun shanshera, kayanta suka tashi tare da kasuwa.

Kin ga ke nan tanadi ba ɓoye kuɗi ba ne kawai, sai da dabara. Kada ki haɗa uwa da riba a mazubi ɗaya, domin kuwa mai cin uwa ba ta sanin ta ci sai ranar saro kaya. In ribarki ta yini naira 900 ce, kasa ta uku: kashi ɗaya gida, ɗaya ya koma cikin sana'a, ɗaya adashi. In kika kwashi adashin, ki sayi abin da ke haihuwa ko abin da ke tsada bayan kaka, kada ya ƙare a kwanukan da za su yi ta kallonki daga kabad. Bashi kuma ki rubuta, ko na ƙanwarki ne.

Ban ce ki yanke zumunci ba. Gudummawar biki ma wani irin adashi ce, yau ke gobe 'yar'uwarki. Sai dai ki yi ta daga riba, daidai ƙarfinki, kayan aro ba ya rufe katara.

To ina bambancin? Marowaciya wasu take hana haƙƙinsu don ta tara, ɗanta na zazzaɓi tana lissafi. Mai tanadi kuwa ranta take hana kwaɗayinsa, don ranar da maƙwabciya ta buga ƙofa da dare ta sami abin miƙawa. Ai sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, wadda ba ta da komai ko kyauta ba ta iyawa.

Allah ya sa albarka a cikin neman da muke yi, ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.