Karatun gida da haƙƙin yaro a gaban hukuma



Ya ku ƴan'uwa Musulmi, wasu magidanta na Dumega sun tambaye mu ko ya halatta su riƙe ɗiyansu a gida, su karantar da su da kansu, ba tare da kai su lakwal ba. Muna cewa gida shi ne makarantar farko. Nana Asma'u a gidan mahaifinta, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ta yi karatu, kuma ƴan taru da ta kafa cikin gidaje suka riƙa bin mata da ilimi. Wanda ya yi niyya, to ya tsayar da lokaci, bayan asuba da bayan magariba. A fara da babbaƙu da farfaru da ƙananan surori, sa'an nan Ahalari da Ishmawi. Uban da bai iya ba kada ya ji kunyar neman malami, domin gyaran karatun da ya karkace ya fi farawa wuya.

Sai dai akwai haƙƙin da zaure ba ya iya biya. Dokar ilimi ta Nijar, ta 1 ga Yuni 1998, ta ce ilimi haƙƙi ne na kowane ɗan ƙasa. Ta san da zaman makarantun addini, amma allo ba ya ba da takardar shaidar karatu. Mun ga yaro mai ƙwaƙwalwa, ya sauke Alƙur'ani, aka zo rubuta shi makaranta sai aka tarar ko takardar haihuwa ba shi da ita. Laifin wa? Ba na yaron ba ne.

Mai tsoron lalacewar tarbiyya, tsoronsa abin dubawa ne, ba mu raina shi ba. Amma tun 1957 aka buɗe madarasa ta farko a Sayi, inda ake haɗa Larabci da Faransanci, kuma ta wannan hanya muka bi.

Saboda haka, in an yi haihuwa a hanzarta rubuta jariri a ma'aikatar magajin gari, domin in wa'adi ya wuce sai an bi ta gidan shari'a. Mai ɗa ko ɗiya da suka isa shiga makaranta ya je ya ga darakta tun kafin a koma karatu, allo kuma ya ci gaba da dare.