Mafarkin Da Mutum Ya Shuka Wa Kansa: Mene Ne Matsayinsa?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata dabara da masana halayyar ɗan Adam suke koyarwa, wadda ya kamata a auna ta da ma'aunin addini. Dabarar kuwa ita ce, mutum ya kwanta da dare yana nanata wa kansa magana ɗaya, cewa zai tuna mafarkinsa idan ya farka, ko kuma cewa idan ya shiga mafarki zai gane mafarki yake yi. Da yawa daga waɗanda suka lizimci wannan sukan wayi gari suna tuna mafarkinsu dalla-dalla. Wasunsu har sukan kai ga mafarkin sane, watau mutum yana barci, yana mafarki, kuma ya san mafarki yake yi, wani lokaci ma ya sarrafa abin da yake gani. To, mene ne matsayin irin wannan mafarki? Bushara ce, ko wasan zuciya? Kuma mai yinsa yana da laifi a kan abin da ya aikata a ciki?

Kafin hukunci, sai a san abin da ake magana a kansa. Wanda ya shahara da koyar da nanata wa kai magana shi ne Emile Coue, wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Faransa, wanda ya rasu a 1926. Ya lura cewa abin da mutum yake maimaita wa kansa cikin natsuwa, musamman dab da barci, yakan kama zuciya ya yi aiki a cikinta. Ba wani baƙon abu ba ne wannan, domin duk wanda ya taɓa kwanciya da ƙudurin tashi sahur, ko kama motar asuba, ya san yadda ido yakan buɗe tun agogo bai kaɗa ba.

Shi kuwa mafarkin sane, wani likita ɗan ƙasar Holan, Frederik van Eeden, shi ya raɗa masa sunan da aka san shi da shi a Turai, a 1913. A 1953 Aserinsky da Kleitman na Jami'ar Shikago suka gano cewa barci yana da wani zango da idanu ke wulƙawa da sauri a ƙarƙashin fatarsu, kuma a nan ne mafi yawan mafarkai masu tsari suke aukuwa. Wannan zango yakan zagayo kusan kowane minti 90, yana ƙara tsawo yayin da asuba ke gabatowa. A 1975 Keith Hearne na Jami'ar Hull a Ingila ya shirya da wani mutum cewa idan ya gane yana mafarki ya juya idanunsa hagu da dama, sai ga na'ura ta nuna alamar alhali mutumin yana cikin barci. Stephen LaBerge na Jami'ar Stanford a Amurka, wanda ya kammala digirinsa na dakta a kan wannan batu a 1980, shi ya tsara hanyar ƙulla niyya: mutum ya farka daga mafarki, ya tuna shi sosai, sa'an nan ya koma barci yana nanata cewa a mafarki na gaba zai gane. Ke nan abin tabbatacce ne, babu tsafi a cikinsa.

Malaman Musulunci ma ba su rasa magana a nan ba. Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya kawo labarin waɗansu kalmomi da ake karantawa yayin kwanciya domin a ga abin da ake nema a mafarki, ya ce an ambace su a littafin Gayatul Hakim. Abin lura shi ne bayanin da ya yi. A wurinsa, kalmomin suna shirya rai ne kawai domin karɓar mafarki, kuma wanda ya mallaki shirya wa abu bai mallaki abin da kansa ba. Manomi yana iya share gona ya yi huɗa, amma ba shi yake saukar da ruwa ba. Sai dai a kiyaye, shi wancan littafi na sihiri da ɗalasimai ne, kuma malamai sun hana karanta kalmomin da ba a san ma'anarsu ba, don gudun kada shirka ta ɓuya a ciki. Wanda ya ce wa kansa da harshen da yake ji, zan tuna mafarkina in Allah Ya so, bai shiga wannan hani ba.

Ma'aunin da ya raba gardama yana cikin hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, ta hanyar Muhammadu ɗan Sirina, malamin Basra da ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira. Hadisin ya kasa mafarki gida uku: bushara daga Allah, da baƙanta rai daga Shaiɗan, da kuma abin da mutum yake zanta wa ransa. Duk wanda ya dubi dabarar nan da idon basira zai ga inda ta faɗa. Mutumin da ya kwana yana nanata wa zuciyarsa abu, sa'an nan ya gan shi a barci, zancen ransa ne ya dawo masa. Abin da mutum ya shuka shi yake girba. Kashi na farko kuwa, wanda aka siffanta da cewa yanki ɗaya ne daga yankuna 46 na annabci, kyauta ce daga Ubangiji, Yana ba wanda Ya so a lokacin da Ya so, ba a yin odarta.

Ƙoƙarin tuna mafarki, shi kansa, babu aibi a cikinsa. Buhari ya ruwaito daga Samura ɗan Jundubi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan tambayi sahabbansa bayan sallar asuba ko akwai wanda ya yi mafarki. Saboda haka wanda ya ajiye alƙalami da takarda kusa da shimfiɗarsa, ya ɗan natsu idan ya farka kafin ya motsa, ya rubuta abin da ya gani tun bai gushe ba, bai saɓa wa kowa ba. Sharaɗi ɗaya ne: idan mafarkin mummuna ne, sunna ta koyar da a yi tofi sau uku ta hagu, a nemi tsari, a juya kwanciya, kuma kada a ba kowa labari. Irin wannan ba a adana shi ana bita, domin bitarsa ita ce biyan bukatar wanda ya kawo shi.

Haɗarin yana wurin raɗa wa mafarki sunan da ba nasa ba, kuma ba a ganin wannan a fili kamar a sha'anin istihara. Istiharar da ta zo a hadisin Jabir ita ce raka'a biyu da addu'a, ba a ambaci mafarki a ciki ba. Amma al'ada ta yaɗu a ƙasar Hausa cewa sai an kwanta an ga wani abu. A ɗauka saurayi ne ya nace wa wata yarinya, iyayensa suna da ja a kan maganar. Ya yi istihara, ya kwanta yana nanata sunanta, sai ya gan ta cikin fararen kaya tana murmushi. Gari na wayewa ya tafi wurin mahaifinsa ya ce an nuna masa. Wa ya nuna masa? So ne, hana ganin laifi. Ya ɗauki muryar zuciyarsa ya sanya mata rigar wahayi, ya rufe bakin dattijon da ya fi shi sanin duniya. Haka ake ƙulla auren da ba ya ƙarko, haka ake zuba jari a ciniki maras tushe, haka kuma ake tuhumar maƙwabci da maita don an kwana ana tunaninsa an gan shi a barci.

Don haka ne Imam Shaɗibi, a littafinsa Al-I'itisam, ya tsaya a kan cewa ba a gina hukunci a kan mafarkin wanda ba annabi ba, sai an gwada shi da shari'a. An kuma ruwaito cewa da aka tambayi Imam Malik ko kowa yana iya fassara mafarki, sai ya nuna cewa yin haka wasa ne da annabci. Idan wannan shi ne matsayin mafarkin da ya zo da kansa, ina ga wanda aka kira shi? Kuma wanda ya sarrafa mafarki da gangan, sa'an nan ya ba da labarinsa a matsayin abin da aka nuna masa, ya kusanci narkon da ya zo a hadisin Ibn Abbas, cewa mai ƙirƙirar mafarki za a tilasta masa ƙulla ƙwayar sha'ir biyu ranar Alƙiyama, ba kuwa zai iya ba.

Saura tambaya mafi wuya. An ɗauke alƙalami daga mai barci har ya farka, wannan sananne ne. To, wanda ya san mafarki yake yi, ya kuma zaɓi abin da zai aikata, shi ma an ɗauke masa? Ta fuskar hukunci na zahiri, mai barci mai barci ne: babu haddi a kansa, babu ramuwa, domin bai taɓa dukiyar kowa ba, bai keta mutuncin kowa a sarari ba. Amma akwai abin da ya riga barci, watau niyya, ita kuwa a farke aka ƙulla ta. Malamai sun bambanta tsakanin tunanin da ya gilma a zuciya, wanda aka yafe, da azamar da mutum ya ƙudurta ya zauna a kanta. Wanda ya hau gado yana shirya yadda zai sadu da matar wani a mafarki, idonsa biyu ya yi wannan shiri, hankalinsa kuma yana tare da shi. Ko da barcin ya zama uzuri, wace zuciya ce zai tashi da ita? Abin da rai ya saba da shi da dare, shi yake nema da rana.

Akwai kuma hakkin jiki da hakkin lokaci. Masu wannan dabara sukan shawarci mutum ya farka bayan barcin awa 5 ko 6, sa'an nan ya koma, domin a lokacin ne zangon mafarki ya fi tsawo. Lokacin nan kuwa shi ne sulusin dare na ƙarshe da fitowar alfijir. Wanda ya farka a wannan sa'a mai daraja, ya koma neman mafarki har rana ta fito masa bai yi sallah ba, ya yi musayar zinariya da ƙarfe. Yawan katse barci yana kawo kasala da raunin tunani, yakan kuma jawo dannau, wanda masana suka bayyana da cewa hankali ne yake farkawa alhali gaɓoɓi ba su saki daga sanƙarewar zangon mafarki ba. Mai fama da taɓin hankali ko yawan ruɗewa, ya fi masa alheri ya nisanci abin gaba ɗaya.

Duk da haka, ba a rasa amfani ba. Wanda miyagun mafarkai suka addaba, idan ya koyi gane cewa mafarki ne, tsoronsa yakan ragu. Sa'an nan dabarar ta tabbatar da hikimar ladubban kwanciya: alwala, kwanciya ta gefen dama, karanta Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi. Tun da abin da mutum ya faɗa wa kansa a ƙarshen yini yana bin sa cikin barci, lalle ya dace ya zaɓi abin da zai faɗa.

Wanda ya so ya horar da kansa ga tuna mafarki, ko gane shi, ya yi, matuƙar bai tozarta farilla ba, bai ƙulla niyyar saɓo ba. Amma idan ya farka, ya kira abin da ya gani da sunansa na gaskiya, kada ya ɗora wa Allah abin da ransa ya tsara. Muslim ya ruwaito cewa mafi gaskiyar mafarki shi ne mafi gaskiyar zance. Mai kwaɗayin mafarki nagari, to, ga hanya: ya gyara harshensa da rana, ya kwanta da tsarki da dare, ya bar sauran ga Mai bayarwa.

Allah Shi ne Mafi sani. Allah Ya sa a dace, amin.