Yaushe Riƙo Yake Ƙarewa?

A unguwar Gardole, kusa da babbar kasuwar Injamena, in mutum ya ɗauki ɗan riƙo ba ya yanka masa ranar sallama. Yaro yakan koyi ɗinki ko ciniki a hannun ubangidansa. Sa'ad da ya ƙware sai a ba shi keken ɗinki ko ɗan jari, a yi masa aure. Yarinya kuwa uwar riƙonta ce mai yi mata kayan ɗaki. Ba kowane riƙo ne na adalci ba, gama akwai wanda bauta ce aka sāke wa suna. Duk da haka, in ciwo ya zo ko jari ya karye, ɗan riƙo ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Gidan marayu na zamani yana da wani lissafi dabam. A ƙasashe da yawa, ran da yaro ya cika shekara 18 doka ta ce ya zama mutum, sai ya ɗauki jakarsa ya fita. To, ashe kalanda tana iya sauke wa mai reno alhaki? Wane uba ne yake kulle wa ɗansa gida domin ya kai wata shekara?

Ƙasar Ostireliya ta sha ɗacin wannan tambaya. Daga wajen 1910 zuwa 1970 hukuma ta yi ta raba yaran Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar, da iyayensu, da sunan kyautata musu. Suka girma, suka fito, da yawansu ba harshe, ba dangi. A 2008 Firayim Minista Kevin Rudd ya roƙi gafara a majalisa. Tun 2021 kuma jihar Biktoriya take ci gaba da tallafa wa masu barin reno har su kai shekara 21. Ƙarin shekara uku abu ne mai kyau, amma ba ya mayar wa mutum kawunsa ko gwaggonsa.

Chadi ma ta ga irin wannan. A 2007 aka kama wasu Faransawa a Abeche suna shirin tafiya da yara 103 da suka kira marayu, alhali yawancinsu suna da iyaye ko 'yan'uwa da rai.

Saboda haka aikin mai reno yana farawa tun yaro yana ƙarami: a nemo danginsa, a riƙa kai shi gaisuwa, a haɗa shi da mai sana'a da zai tsaya masa. A 2008 aka rushe gidaje masu yawa a Gardole. Mai dangi ya kwashe tabarmarsa ya raɓa wurin ɗan'uwa. Saurayin da ya tashi a gidan marayu, wanda ba a taɓa nuna masa gidan kowa ba, ina zai nufa a irin wannan dare?