Mutum-mutumin Gonar Doya

A wajen 1943 wani akawun haƙar kuza ya tsinci wani kai na gasasshen yumɓu a cikin ƙasar da a ke wankewa. Ya ga ya dace da aiki, sai ya kafa shi a gonarsa ta doya domin ya tsorata tsuntsaye. Daga baya aka kawo shi Jos, Bernard Fagg ya duba, ya gane irinsa ne da wanda aka samu a Nok a 1928. Ashe abin da ya ke tsaron doya ya fi shekara 2,000. Fagg ne ya buɗe Gidan Tarihi na Jos a 1952.

Mu kan yi wa akawun nan dariya, amma aikinsa mu ke yi. Waɗansu sun mai da kimiyya dodon gona, suna korar masu bi da ita. Waɗansu kuwa, a cikinmu, sun mai da Littafi Mai Tsarki dodo, suna korar 'yan makaranta. Yaro ya komo hutu, ya ce malaminsa ya koya musu duwatsun Jos sun fi shekara miliyan 150. Dattijo ya ce, ko malamin, ko Musa. Yaron ya zaɓa, ba mu ƙara ganinsa ran Lahadi ba. Laifin wa ke nan?

Bari mu bincika. Shekarar nan 4004 kafin haihuwar Almasihu, wadda a kan ce a cikinta aka halicci duniya, ba ta cikin Farawa. Lissafin Akbishop James Ussher ne, ya buga shi a 1650, masu ɗab'i a Ingila suka sa a gefen shafi. Mutum ne mai ilimi, amma gefen shafi ba Nassi ba ne. In lissafinsa ya rushe, ba Musa ne ya faɗi ba.

Ga wanda kuma ya ce ilimi ya kan kashe bangaskiya, sai mu tuna masa da Georges Lemaître, firist na ƙasar Beljiyam, wanda ya nuna da lissafi a 1927 sararin sama yana ta buɗewa. Bai tuɓe rigarsa kafin ya ɗauki alli ba.

Awo ya iya gaya mana shekarun kan nan na yumɓu. Ba shi da iko ya gaya mana dalilin da ya sa ba daidai ba ne a sace shi a sayar. Farawa kuwa ya gaya mana wanda ya yi mu, da abin da ya ke bukata gare mu, bai koya wa kowa haƙar kuza ba. Tun da Allah ɗaya ne ya yi dutsen, ya kuma ba da Maganar, gaskiyar da ke cikin ɗaya ba za ta ƙaryata ɗayan ba. In mun ga kamar sun saɓa, sai mu sāke duba karatunmu, da tawali'u.

Domin nazari: karanta Farawa 1 da Zabura 19. Wace amsa za ka ba yaron nan da za ta sa ya zauna?