Dokar Ohm tsakanin hukuncin hankali da hukuncin al'ada

Lissafin wutar lantarki na farko ya ginu ne a kan awo biyu: matsin wutar, da ake aunawa da bolt, da yawan wutar da ke gudana cikin waya, da ake aunawa da amfiya. Idan aka raba bolt da amfiya, sai a samu turjiyar abin da wutar ke bi ta cikinsa, ana ƙirga ta da ohm. Idan kuma aka ninka bolt sau amfiya, sai a samu ƙarfin da na'ura ke ci, wato wat. Dutsen guga da aka jona a wutar gida mai bolt 230, in yana jan amfiya 5, turjiyarsa ohm 46 ce, ƙarfinsa kuma wat 1,150. Lissafin ba ya da wuya. Tambayar da ke ƙarƙashinsa ita ce: wannan dangantaka dole ce ta kasance haka, ko kuwa haka kawai aka saba gani?

Malaman tauhidi suna da ma'aunin wannan tambaya tun da daɗewa. Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, marubucin Ummul Barahin da ake karantawa a zaurukan ilimi na ƙasar Hausa, ya bi rabon hukunci gida uku: na shari'a, na hankali, da na al'ada. Hukuncin hankali ba ya buƙatar gwaji, kamar cewa ɗaya rabin biyu ne. Na al'ada kuwa daga maimaituwa ake gane shi, kamar ƙuna idan wuta ta taɓa auduga, misalin da Imam Gazali ya yi amfani da shi, kuma hankali bai hana ya saɓa ba.

Lissafin wat ya fi kusa da gida na hankali. Bolt ɗaya na nufin jul ɗaya na makamashi a kan kowane kulom na cajin lantarki, amfiya ɗaya kuma kulom ɗaya ne a daƙiƙa. In an ninka su, kulom ya soke kulom, saura jul a daƙiƙa, wanda shi ne wat. Babu abin da awo zai zo ya ƙaryata a nan, domin amsar tana cikin ma'anar ma'aunan tun farko. A wutar gida mai kai-da-komo, injin fanka ko na firji yana buƙatar ƙarin gyara a lissafin, amma gyaran ma lissafi ne. Haka nan raba bolt da amfiya: kowace irin na'ura aka auna, rabon zai ba da wata lamba, kuma ba laifi a kira ta turjiya.

Abin da Georg Ohm ya gano ya wuce wannan. Malamin makaranta ne a birnin Kolon na Jamus, kuma a littafin da ya fitar a 1827 ya nuna cewa a wayar ƙarfe lambar nan ba ta motsi: a ninka bolt biyu, amfiya ma ta ninka biyu. Wannan ita ce dokar Ohm, magana ce game da halin ƙarfe, kuma ba wanda zai san ta yana zaune a ɗaki yana tunani. Sai an ɗauko wayoyi an auna. Hukuncin al'ada ne tsantsa. Masanan ƙasarsa ba su karɓi aikin hannu bibbiyu ba, sai a 1841 ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan ta ba shi lambar yabo ta Copley.

Shaidar cewa al'ada ce tana rataye a silin ɗaki. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 a bolt 230 yana jan kusan amfiya 0.26, turjiyarsa ta kai wajen ohm 880. A cire shi ya huce a auna, sai a tarar ta faɗi ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka, domin zaren tungsten yana ƙara turjiya in ya yi zafi. Dayod, da ke cikin kowace cajar waya, yana barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya ya tare ta ɗayar. A 1911 kuma, a Leiden ta ƙasar Holan, Kamerlingh Onnes ya sanyaya zaiba zuwa kusan digiri 269 ƙasa da sifiri, turjiyarta ta ɓace ɓat.

Sai dai kuskure ne a ɗauki waɗannan a matsayin keta al'ada irin wadda malamai ke nufi in suna maganar mu'ujiza. Ƙwan lantarki yana saɓa wa dokar Ohm kullum, ta hanya ɗaya, gwargwadon zafinsa, har ana iya lissafa saɓanin tun kafin a kunna shi. Al'ada ce mai faɗi ta haɗiye ƙarama.

Inda ra'ayi ya rabu shi ne dalilin wannan daidaito. Ash'arawa sun tafi a kan cewa bolt ba ya haifar da amfiya da ikon kansa. Allah ne ke halittar ɗaya a tare da ɗayan, bisa tsarin da Ya ga dama. Ibn Rushd ya yi wa Gazali raddi a kan wannan ra'ayi cewa musun tasirin sababi rushe ilimi ne, tunda ana sanin abu ne ta aikin da yake yi. David Hume, masanin falsafa ɗan Sikotilan na ƙarni na 18, ya ce ido ba ya ganin tilas tsakanin sababi da sakamako, jerantuwa kawai yake gani, amma bai jingina jerantuwar ga kowa ba. Mitar awo ba za ta raba wannan gardama ba, domin dukkan ɓangarorin uku za su karanta amfiya 5 a dutsen gugar nan, su fitar da ohm 46.