Dajin Eleyele Amana Ne

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammad da iyalansa da sahabbansa.

Ya 'yan'uwa, ruwan da muke alwala da shi daga ina yake zuwa? Madatsar Eleyele da aka gina a kan kogin Ona a 1942 tana cikin tsofaffin hanyoyin ruwan sha na Ibadan, kuma an bar mata daji a kewaye. Idan aka yi ruwan sama, ganye yakan karya ƙarfinsa, saiwa ta riƙe ƙasa, ruwa ya nitse a hankali ya fito a tace. In aka sare itatuwan, laka ce ke gangarawa cikin madatsa: ta cike, ruwa ya gurɓata, kuɗin tacewa ya ƙaru, ambaliya ta sami hanya. Ba mu manta da watan Agusta 2011 ba, lokacin da ruwa ya ci rayuka a garin nan, ya kuma lalata wani ɓangare na madatsar.

Addininmu ya riga ya tsara wannan. Manzon Allah (SAW) ya keɓe filin Naƙi'u kusa da Madina don amfanin jama'a. Malaman fiƙihu sun ba kowace rijiya da kogi harabar da ba a taɓawa. An hane mu yin ba-haya a mashayar mutane, an kuma sanar da mu cewa dashen itace sadaka ce.

To, mu fa? Cikinmu akwai masu gawayi, masu itace, masu suya. Mu riƙa tambayar inda aka saro kayan da muke saye. Wanda aka yi wa tayin fili da arha a bakin ruwa, ya ja baya, domin araha ba ta ado. Mata da yara su daina zuba shara a kwata, don ƙarshenta kogi ne. In hukuma ta kira taro kan shata iyakar daji ko dashe, shugabanninmu su je, a ji muryarmu.

Kada mu ce ai mu baƙi ne. Fiye da shekara ɗari ke nan Hausawa na Sabo, jikokinmu kuma nan za su sha ruwa. Haƙƙin maƙwabci bai san ƙabila ba.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya shayar da mu daga tafkin Alkausara. Amin.