Bindigar Kawu da Lasisin Baro

Kawuna manomi ne a wani ƙauye tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, kuma yana da bindiga. Adaka ce, irin wadda ake ɗurawa ta baki. Maƙerin garinsu ya ƙera masa ita tun ina yaro don korar birai daga gonar masara. Ta yi shekaru rataye a bayan ƙofa har gizo-gizo ya yi mata saƙa, amma yanzu kusa da shimfiɗarsa take kwana. Da na je gaishe shi bayan salla na tambaye shi ko yana da takardarta. Ya dube ni ya yi dariya.

"Kai ɗan nan, takarda wurin wa? Mai unguwa ya san da ita, dagaci ya san da ita, liman ya san da ita. Saura wa?"

Na ce, "Saura hukuma, Kawu."

Ya ce, "Ranar da hukuma ta zo ta kwana a ƙofar gidana sai in miƙa mata."

Na yi dariya ni ma, amma maganar ta biyo ni har gida. Wa ke da ikon ce wa mutumin ƙauye ajiye makaminka, ko ɗauki makaminka? Kuma idan ya ɗauka, wa zai tambaye shi abin da ya yi da shi?

A takarda amsar ba ta da wuya. Tsarin mulkin 1999 ya sa makamai da harsasai cikin jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka, haka ma aikin 'yan sanda. Dokar bindigogi ta ƙasa kuwa tun 1959 take, kafin samun 'yancin kai. Ta kasa bindigogi gida uku. Akwai na yaƙi, irin su AK-47, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai irin na farauta, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai na gargajiya irin ta Kawu, waɗanda lamarinsu ke komawa ga kwamishinan 'yan sanda na jiha. Shugaban ƙaramar hukuma ba ya cikin lissafin. Hakimi ba ya ciki, balle mai unguwa.

Abin da zai ba ka dariya, ko haushi, shi ne idan ka buɗe jadawali na huɗu na wannan tsarin mulki, inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi. Sakatariyar Kurfi tana da ikon ba da lasisin keke da baro da amalanke da kwalekwale. Tana da ikon kula da kasuwa da mayanka da tashar mota, da raɗa wa tituna suna, har da sa ido kan dabbobin da ake ajiyewa a gida. Wato doka ta yarda shugaban ƙaramar hukuma ya san baro nawa ne a kasuwar Dutsin-Ma, amma ba ta ba shi hurumin sanin bindiga nawa ke cikin garin ba.

Ba haka kawai aka yi wannan tsari ba, kuma bai kamata mu yi masa dariya da yawa ba. A zamanin En'e masarautar Katsina tana da dogarai da 'yan doka nata, hakimai irin su Yandaka a Dutsin-Ma da Maradi a Kurfi kuma su ne idon sarki a ƙasarsu. Baƙo ba ya kwana a gari mai unguwa bai sani ba. Tsofaffi suna tuna wannan da kewa. Amma tsofaffin 'yan NEPU suna tuna wani abin dabam: yadda aka riƙa amfani da 'yan doka ana kama 'yan adawa ana ɗaure su. Wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta narkar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan ƙasa a ƙarshen shekarun 1960. An ɗauke makami daga hannun na kusa saboda na kusa ya yi zalunci da shi, aka kai shi hannun na nesa. Yau ga shi na nesa ya yi nisa da yawa.

Ibn Khaldun, wanda ya rayu a ƙarni na 14, ya lura cewa mutanen birni sukan ajiye makamansu su damƙa tsaron rayukansu da dukiyarsu ga mai mulki da sojojinsa, su kwanta bayan ganuwa, har su manta yadda ake kare kai. Shi kuma Thomas Hobbes na Ingila, a 1651, ya bayyana abin a matsayin ciniki: ka miƙa wa hukuma takobinka, ita kuma ta tsare maka wuyanka. Har shi, da yake kan gaba wajen goyon bayan hukuma mai ƙarfi, ya yarda cewa biyayyar talaka tana tafiya ne da ikon hukuma na kare shi. Kawu bai taɓa jin sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, amma maganarsu ya yi mini a zaurensa.

Kuma wa zai ce ba shi da hujja? Duk wanda ke zaune a wannan yanki ya san abin da dajin Rugu ya zama. Ta Safana da Batsari 'yan bindiga ke gangarowa ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma, su kore shanu, su ɗauki mutane, su hana noma. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan biyun, don a toshe wa ɓarayi hanyar magana da masu ba su labari. Ɓarayin ba su bari ba, shi kuwa mutumin ƙauye ya rasa ko hanyar kiran agaji. A watan Oktoba na 2023 an shiga har gidan da ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ke haya aka ɗauke biyar. Idan cikin gari ke nan, ina ga ƙauyen da motar jami'an tsaro sai ta yi awa kafin ta kai?

Hukuma ma da bakinta ta amsa gazawarta. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya fito ya ce wa jama'a su nemi makamai su kare kansu. A 2022 gwamnatin Zamfara ta nemi a ba mutanenta lasisin bindiga, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Sai talaka ya tsinci kansa tsakanin baki biyu na hukuma ɗaya. Wannan ya ce ɗauki, wancan ya ce in ka ɗauka laifi ne. Mutumin da ya bi maganar gwamna yana iya kwana a bayan kanta saboda bindigar toka, alhali mai AK-47 yana cikin daji yana karɓar kuɗin fansa ta waya.

Da nan maganar ta tsaya da na ce a bar kowa ya riƙe abin da ya samu. Amma mun riga mun gwada wannan, mun ga ƙarshensa. Sunansa 'yan sa-kai. Da yawansu sun fara ne kamar Kawu, mutanen da aka kashe wa ɗa ko aka kore wa shanu, suka ce ya isa. Wasu sun tsare garuruwansu da gaskiya, sun mutu a kan haka, Allah ya jiƙansu. Amma bindiga ba ta tsayawa inda aka ajiye ta. Wanda ya tsare ƙofar gari jiya, yau ya bi sawu cikin daji, gobe ya tare Bafulatani a kasuwa ya yanke masa hukunci ba alƙali ba shaida, saboda kamarsa kawai. Dangin wanda aka kashe su shiga daji, su dawo da dare su ƙone gari. Mutanen da ba su ji ba ba su gani ba su ne ke biya. Shi ya sa gwamnatocin Katsina da Zamfara suka sha haramta 'yan sa-kai, su kuma suna sake ɓullowa, domin abin da ya haife su yana nan.

Abin da ya raba Kawu da ɗan sa-kan da ya zama annoba ba irin bindigar ba ne, ba kuma takardar Abuja ba, don dukansu ba su da ita. Bindigar Kawu tana da masu tambayarta. Idan ta yi ƙara da dare, da safe mai unguwa zai zo ya ji dalili. Idan ya nuna wa maƙwabci ita a kan rikicin iyakar gona, liman zai kira shi, surukansa za su ji, kunya za ta hana shi zama a majalisa. Ta ɗan sa-kan kuwa ta fi ƙarfin mai unguwa, kowa tsoronta yake ji, ba wanda ya isa ya ce don me. A ganina nan ne halaccin makami yake: a samu wanda mai riƙe da shi zai tsaya a gabansa ya yi bayani, kuma wanda zai iya karɓe shi.

Addininmu ma ya haɗa abubuwan biyu. Ya girmama wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ko iyalinsa, ya kuma umarci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani rauni. An yarda ka mallaka, ba a yarda ka razana jama'a da shi ba.

Masu kallon finafinan kaboyi za su yi mamakin jin cewa ƙananan garuruwan yammacin Amurka ma haka suka yi. A 1881 majalisar garin Tombstone a Arizona ta kafa doka cewa duk wanda ya shigo gari ya ajiye bindigarsa, sai zai fita ya karɓa. Shahararriyar musayar wutar da aka yi a garin ranar 26 ga Oktoba na shekarar, wadda mutum uku suka mutu a cikinta, ta tashi ne lokacin da jami'an gari suka je karɓe bindigogin wasu makiyaya da suka ƙi ajiyewa. Ba a hana su mallaka ba. Gari ne ya ce a cikina ga inda makami zai tsaya.

Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoba na 2023, da matasa sama da 1,400 a kashin farko, wani yunƙuri ne na wannan hanya: a ɗauki ɗan gari, a horar da shi, a ba shi kaki da albashi da shugaban da zai amsa wa. Amma ba za ta iya kwana a kowane ƙauye ba. Dubban bindigogi irin ta Kawu suna nan a ƙarƙashin gado, hukuma ta san da su, ta yi kamar ba ta sani ba.

Ni abin da nake gani shi ne a daina wannan wasan ɓuya. A gyara doka a ba ƙaramar hukuma, tare da hakimi da baturen 'yan sanda na yanki, ikon rubuta kowace bindigar gargajiya da ta farauta da sunan mai ita, da mutum biyu da suka tsaya masa. A rubuta maƙeran da ke ƙera su. A hana shiga kasuwa da makaranta da taron siyasa da makami. A faɗa a fili cewa bindigar tsaron gida ce, ba ta bin sawu ba, ba ta yanke hukunci ba, wanda ya ƙetare kuma a karɓe ta a gurfanar da shi.

Na san inda wannan shawara take yoyo, kuma yoyon ba ƙarami ba ne. Da ɗan gari akan ci gari: littafin da aka rubuta gidajen da ke da bindiga yana iya faɗawa hannun mai kai wa ɓarayi labari, ya zama jerin gidajen da za a fara afka wa. Shugaban ƙaramar hukuma ɗan siyasa ne, yana iya ba 'yan jam'iyyarsa ya hana 'yan adawa, mu koma zamanin 'yan doka. Sannan makiyayin kirki da ke rugarsa, wanda shi ma ɓarayin ke sace wa shanu, wa zai tsaya masa a gaban kwamitin da babu ɗan'uwansa ko ɗaya a ciki? Idan ba a zaunar da arɗo a teburin ba, rajistar za ta zama hanyar ɗaura wa ɓangare ɗaya ɗamara a kan ɗaya. Duk da haka na fi yarda da rajistar da za a iya gani a yi mata gyara a kan halin da ake ciki, inda ba wanda ya san adadi kuma ba wanda ke da alhaki.

A 2025 ƙananan hukumomi da dama na Katsina sun zauna sulhu da 'yan bindiga, Jibiya da Batsari da Safana da sauransu. Na Kurfi a yankin Wurma aka yi shi a watan Agusta. Ba na zargin wanda ya je, don wanda bai kwana a ƙauye ba bai san daɗin barci ba tare da jin ƙarar babur ba. Amma duk wanda ya kalli bidiyon irin waɗannan taruka a wayarsa ya ga abu ɗaya: shugabannin gari a zaune hannu wofi, mutanen daji a tsaye da bindigogi a kafaɗa. Ƙaramar hukumar da doka ba ta yarda ta rubuta adakar manomi ba, ita ce ta zauna tana ciniki da masu AK-47 kan inda za su shiga da makami da inda ba za su shiga ba.

Na kira Kawu bayan sulhun na tambaye shi ko ya mayar da ita bayan ƙofa. Ya ce sun samu sun yi noma bana, alhamdu lillahi, har gonar da ke bakin daji ya shuka. Na ce bindigar fa, Kawu? Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce ya kai ta wurin maƙeri a gyara mata kunama.